Ina Cibiyar Duniya Take?



A ƙasar Hausa, idan aka haifi jariri, ungozoma takan yanke masa cibiya, a binne mabiyiya a cikin gida. Saboda haka mutumin da ke son nuna asalinsa yakan ce a gari kaza aka binne cibiyarsa. Da wannan kalma muke kiran wurin da ya fi sauran wurare daraja, har mukan ce Kano cibiyar kasuwanci, Sakkwato kuma cibiyar Daular Usmaniyya. Al'ummai da yawa sun wuce nan, suka ce garinsu shi ne cibiyar duniya ɗungum.

Girkawan dā suna da wani dutse a Delfi da suka sa wa suna cibiya. Sun ce allahnsu ya saki mikiya biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka haɗu a kansa. Kaisar Agustas, wanda a zamaninsa aka haifi Mai Cetonmu, ya kafa ginshiƙi a tsakiyar Roma a matsayin mafarin hanyoyin daularsa. Sunan da mutanen Sin ke kiran ƙasarsu ma'anarsa ƙasar tsakiya. Yarbawa kuwa sun ce daga Ile-Ife ƙasa ta fara shimfiɗuwa a bisa ruwa.

Mu da ke kwarin gulbin Rima muna da namu darasi kusa da gida. A ƙarni na 18 Alƙalawa ce babban birnin Gobir, can Bawa Jan Gwarzo ya zauna, can ake kai haraji da gaisuwa. A 1808 birnin ya faɗi a hannun masu jihadi. A 1809 Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato, idon jama'a ya koma can. Daga baya shi Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya mai da shi mazauninsa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya iso a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin da aka gina domin gadin gefe ya zama wurin da manzanni ke nufa daga Kano da Zazzau da Adamawa. Manomin Shinaka ko Goronyo, wanda gonarsa ke tsakanin waɗannan birane, ya ga cibiyar mulki ta tashi daga saman gulbi ta koma ƙasansa cikin rayuwar mutum ɗaya, shi kuwa bai gusa daga gonarsa ba. Yau Alƙalawa kufai ce.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Gaskiya ne a Ezekiyel 5:5 Allah ya ce shi ya ajiye Urushalima a tsakiyar al'ummai. Kiristocin dā sun riƙe wannan da ƙarfi. A wata taswirar duniya da aka zana a Ingila wajen shekara ta 1300, Urushalima ce a tsakiya daidai, har yau kuma a Majami'ar Kabari Mai Tsarki akwai dutsen da masu ziyara ke kira cibiyar duniya. Amma mu karanta surar har ƙarshenta. Sura ce ta hukunci. An tuna wa birnin matsayinsa domin a nuna masa cewa ya fi maƙwabtansa tayarwa, alhali shi ya fi su samun haske. Ko a jikinmu ma haka abin yake: cibiya tabo ce da ke shaida cewa daga wata muka sami abinci tun ba mu iya kome ba. Wa ya taɓa yin fahariya da ita?

A Bishara ta Yohanna sura 4, wata Basamariya ta kawo wa Yesu wannan gardama a bakin rijiya. Kakanninta a kan Dutsen Gerizim suka yi sujada, Yahudawa kuwa sun ce sai a Urushalima. Gardamar tana da jini a cikinta, domin Yahudawa sun rushe haikalin Gerizim fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Ubangijinmu bai ɓoye mata cewa ceto ta wurin Yahudawa ya zo ba, amma ya shaida mata lokaci ya yi da Uba zai karɓi masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya, ko a kan dutsen suke ko ba a kansa ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 13:12 ta tuna mana cewa a bayan ƙofar birni ya sha wahala. Wurin nan da ake nuna wa masu ziyara a matsayin tsakiyar duniya, a ranar Juma'a Mai Tsarki bayan gari ne, inda ake kashe masu laifi. Sai bayan shekaru aka faɗaɗa ganuwa ta kewaye shi.

Ilimin taurari ma ya rage wa ɗan Adam girman kai. A 1633 aka hukunta Galileyo a Roma saboda koyarwar cewa duniya ce ke kewaya rana, a 1992 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana cewa masu hukuncin sun yi kuskure. Tun 1929 aka gano cewa tarin taurari suna nisantar juna. Kamar ƙullun fanke ne da aka barbaɗa wa riɗi: yana kumbura, kowace ƙwaya tana ganin sauran na guje mata, sai ta zaci ita ce a tsakiya.

Ga inda maganar ta shafe mu. Kiristoci a yankin Wurno da Raba da Goronyo kaɗan ne, a warwatse suke. Da sauƙi irin wannan jama'a ta ɗauka cewa Ikkilisiya ta ainihi tana Katidiral na Iyali Mai Tsarki a Sakkwato, ko a Roma, su kuwa 'yan rakiya ne. Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta koyar da akasin haka: a kowace ƙaramar jama'a da ke taruwa a gaban bagade cikin zumunci da Bishop, kome talaucinta da ƙanƙantarta, Kristi yana nan. Jikin Ubangiji da Fada ke ɗagawa a ƙarƙashin rumfar kara bai gaza na Majami'ar Bitrus Mai Tsarki da kome ba. Muna girmama Roma saboda hidimar haɗa kan 'yan'uwa da aka danƙa wa Bitrus, hidima ce kuwa domin na nesa.

Jarabar mutanen birni ta fi wannan haɗari. Wanda ya ɗauka yana tsakiya yakan auna darajar rai da nisan hanya. A 2010 ambaliyar gulbin Rima ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasan madatsar Goronyo. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane fiye da 40. Kwana nawa labarin ya yi a bakinmu? Da a tsakiyar Sakkwato ko Abuja abin ya faru, da haka za mu yi saurin mantawa? Waɗanda suka mutu, da waɗanda suka bar gidajen da aka binne cibiyarsu suka shigo birni da tabarma da tukunya, akasarinsu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, Allah ɗaya ne ya halicce mu.

Muna roƙon majami'un birni su riƙa ambaton waɗannan garuruwa da sunayensu cikin addu'ar masu bi kowace Lahadi: Shinaka, Goronyo, Raba, Wurno, Sabon Birni, Isa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su bincika 'yan gudun hijira da ke unguwanninsu, su kai musu hatsi da sabulu da tufafi ba tare da tambayar addininsu ba. Inda Fada ba ya samun zuwa sai jefi-jefi, katekis ya tara jama'a ranar Lahadi ko da mutum biyar ne, a karanta karatun ranar, a yi addu'a, a rubuta sunayen marasa lafiya da masu jiran baftisma domin a miƙa wa Fada idan ya zo.