Isnadin Magani

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaurukan Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya san cewa ba a karɓar hadisi saboda daɗin lafazinsa, sai an tambayi wanda ya rawaito shi, da wanda shi kuma ya ji daga bakinsa, har silsila ta tuƙe ga tushe. In kuwa aka tarar da maƙaryaci guda ko mai raunin hadda a tsakiya, sai a jingine ruwayar, ko da ma'anarta ta kwanta a rai. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu da muka gaji wannan tsantseni a sha'anin addini, da zarar magana ta koma kan jiki, alhali shi ma amana ne da za a tambaye mu, sai mu haɗiye duk abin da waya ta kawo ba tare da mun ce daga wa ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Jimeta, mai karantar da Risala bayan Magariba, wanda ya shekara bakwai yana fama da ciwon sukari, yana shan ƙwayarsa safe da yamma, har ranar da aka turo masa wata murya ta WhatsApp, mai ita ya buɗe da basmala da salati, ya kira kansa likita, ya yi rantsuwa cewa ruwan shuwaka da garafuni na mako uku yana tumɓuke ciwon daga saiwa. Malam ya ajiye ƙwaya. Da na ga buta ba ta rabuwa da hannunsa, ƙishirwa ba ta sake shi, ga wani ɗan gyambo a yatsan ƙafa ya ƙi kamewa, sai na ce, "Allah gafarta Malam, wane ne mai wannan magana?" Ya ce turo masa aka yi. Na ce, "To shi wanda ya turo, a wurin wa ya ji?" Ya yi shiru, sa'an nan ya yi murmushi, domin ya gane tambayar da shi kansa yake yi wa almajiransa ce ta dawo masa.

Kada a ɗauka ina raina tsiro. Ita kanta metformin, ƙwayar da galibin masu wannan ciwo ke sha, asalinta yana komawa ga wani tsiron Turai, kuma sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya bayyana amfaninta ga masu sukari. Haka insulin, da Banting da Best suka tato a Toronto a 1921, aka jarraba ta ga wani yaro ɗan shekara 14 a 1922. Fifikon waɗannan a kan ruwan shuwakar Malam shi ne suna da isnadi: an san wanda ya gwada, da adadin da ya bayar, da abin da ya biyo baya, wasu kuma da ba su san shi ba suka maimaita gwajin suna neman kuskurensa, wanda shi ne jarhu da ta'adili, wato tantance masu ruwaya, na ma'abota ɗibbu. Magabatanmu ba baƙin wannan fage ba ne, don Ibn Sina ya siffanta ciwon a cikin littafinsa Alƙanun har da zaƙin fitsarin mai shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan maganin basur, Imamu Gazali kuma ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, talaka ba shi da ikon bin diddigin binciken likitoci, kamar yadda ba kowa ke iya tantance mazajen hadisi ba. Amma ko a fiƙihu, wanda bai kai matsayin ijtihadi ba, an ɗora masa zaɓen wanda zai yi wa taƙlidi, mutum sananne da suna da mazauni, wanda in fatawarsa ta ɓaci za a same shi gobe. Likitan da ke zaune a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta ya cika wannan sharaɗi. Muryar da ba ta da fuska kuwa majhuli ce, hukuncin ruwayar majhuli kuma sananne ne.

Intanet ɗin da ya kawo ƙaryar, a cikinsa sahihin yake. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar da jagora a kan azumin Ramadan a 2016, ta sabunta shi a 2021, inda aka bayyana cewa mai azumi ya sha ruwa in awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Wannan kuwa ilmi ne mai ceton rai a garin da zafin Afrilu kan wuce digiri 40. Sai dai sahihin yana kwance cikin Turanci mai tsauri, ƙagaggen kuma yana yawo da Hausa da Fillanci cikin murya mai taushi, saboda haka nake ganin kaso mafi girma na alhakin yana wuyanmu mu da muka yi boko muka iya karantawa, muka bar farillar kifaya ba mai ɗauka.

Malam ya koma kan ƙwayarsa, yatsan ya warke bayan wata biyu ana wanki, shuwaka kuma ta koma cikin miya. Makon jiya wani ɗan'uwana ya turo mini muryar nan daga Girei, ba abin da ya canja a cikinta, sai dai an ƙara mata hoton Ka'aba.