AMSOSHIN MASU MUSUN ALLAH, DA ABIN DA YA WAJABA A KANMU



A ƙasarmu sunan Allah ba ya barin baki. Da shi muke gaisuwa, da shi muke ciniki, da shi muke sallamar baƙo. Saboda haka in aka ce mana akwai wanda ya ce babu Allah sam, sai mu ɗauka labarin Turai ne. Amma 'ya'yanmu da ke jami'a suna karanta littattafan irin waɗannan mutane, suna sauraronsu ta waya. Wani ya dawo hutu ya ƙi zuwa Misa, ya ce shi bai ga dalili ba. Uba ya zare ido, uwa ta fashe da kuka, a yi ta jefa masa tambayoyin da ake zaton za su rufe masa baki, sai ga shi da amsa a shirye. Ya kamata mu san amsoshin nan tun kafin mu ji su a tsakar gidanmu. Gama Waliyyi Bitrus, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, ya ɗora mana nauyin bayyana dalilin begenmu, ya kuma sa sharaɗin tawali'u da girmamawa.

Tambayar da muke fara yi ita ce: in babu Allah, wa ya yi sama da ƙasa? A 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa wani masanin falsafa na Ingila, Bertrand Russell, da Fada Frederick Copleston na ƙungiyar Jezuwit, suka yi muhawara a kan wannan batu. Amsar Russell ita ce duniya tana nan ne kurum, ba lalle sai an nemo mata dalili ba. Wasu kuma sukan mayar da tambayar su ce: to, shi Allah wa ya yi shi? Kada wannan ya girgiza mu. Koyarwar Ikkilisiya ita ce duk abin da ya karɓi kasancewarsa daga wani yana bukatar mafari. Ku ɗauka kuɗi sun zaga kasuwa, kowa ya ce ranto su ya yi daga maƙwabcinsa. Ko 'yan kasuwar sun kai dubu, dole a sami mai kuɗin na asali wanda bai ranta daga kowa ba, in ba haka ba da kuɗin ba su shigo kasuwar ba. Wanda bai ranto kasancewarsa daga kowa ba, shi muke kira Allah.

Wasu za su ce kimiyya ta riga ta warware batun, tun da masana sun gano cewa sararin samaniya ya soma buɗewa kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Sai mu tuna musu cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo wannan bayani firist ne na Katolika, Fada Georges Lemaître na ƙasar Beljiyam, a 1927 da 1931. Shi da kansa ya yi gargaɗi kada a cakuɗa lissafin kimiyya da koyarwar halitta. Kimiyya tana bayyana yadda abu ya gudana. Dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko kuwa, wannan tambaya tana nan daram, kuma cewa duniya tana nan kurum daina tambaya ne.

Tambaya ta biyu: in babu Allah, me zai hana mutum sata da kisa? Nan sukan amsa da zafi su ce: ashe ku tsoron wuta ne kaɗai ya hana ku? Sukan ce tausayi da hankali da zaman tare sun isa su koya wa mutum kirki. Sukan kuma nuna mutane irin marigayi Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai yarda da Allah ba, amma ya ƙare rayuwarsa wajen ilimantar da yara da faɗa wa masu mulki gaskiya har aka tsare shi. Kada mu yi musun abin da ido ya gani. Waliyyi Bulus, a sura ta 2 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya koyar cewa har waɗanda ba a ba su Shari'a ba suna da lamiri mai yi musu shaida. Kirkin mai musun Allah bai rushe bangaskiyarmu ba, tun da mun san wanda ya dasa lamirin. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: me ya sa zalunci mugun abu ne ko da gari duka ya amince da shi? A nan kansu yakan rabu. Wasu su ce gaskiyar ɗabi'a tana tsaye da kanta kamar lissafi. Wasu su ce 'yan Adam ne suka ƙago ta. In kuwa mutane ne suka ƙago ta, to, ranar da masu ƙarfi suka sake shawara, ina marayu da gwauraye za su kai kuka?

Tambaya ta uku ta shafi mutuwa: in kabari ne ƙarshe, mene ne amfanin rayuwa? Sukan ce gajartar rai ce ta sa yake da daraja, mutum ne zai ba rayuwarsa ma'ana da aikinsa da iyalinsa. Daga nan sai su juyo da tambayar da ta fi kowace nauyi: in Allah mai iko ne, mai ƙauna kuma, don me jariri ke mutuwa da zazzaɓi a bayan uwarsa? Wannan ƙorafi tsoho ne. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, kafin ya kawo hanyoyi 5 na sanin akwai Allah, sai da ya rubuta hujjoji 2 na masu musu da hannunsa, ta farkonsu kuwa ita ce samuwar mugunta. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar Idin Dukan Tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na ƙasar Fotugal da safe, jama'a da yawa suna cikin coci, dubban mutane suka hallaka, masana da dama a Turai kuma suka shiga shakka. Wanda ya binne ɗansa, ko aka ƙone masa gida da rumbu, ba a yi masa amsar gaggawa. Abokan Ayuba sun yi ta bayani a madadin Allah, a sura ta 42 kuwa su Allah ya tsawata wa. Abin da muke da shi shi ne gicciye: Allah da kansa ya shiga cikin wahalar, ya ɗanɗana mutuwa, ya tashi. Wanda ya cire Allah daga lissafi bai rage hawayen uwar nan ko ɗigo ɗaya ba, sai dai ya ɗauke mata begen sake ganin ɗanta.

Akwai amsa ta ƙarshe da sukan bayar ga kowace tambaya: ku dubi kanku. Coci da masallaci sun cika maƙil, amma cin hanci da ƙabilanci ba su ragu ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin takardarta a kan Ikkilisiya a duniyar yau, wadda aka fitar ranar 7 ga Disamba 1965, ta yi tir da musun Allah, amma ta ce masu bi suna iya zama da hannu wajen yaɗuwarsa, ta wurin sakaci da koyon addininsu, da koyar da shi a karkace, da zaman da ya saɓa masa. Wannan amsa ba a karya ta da baki. Ma'aikacin da ya ƙi karɓar na goro, da matar zumunta da ke jinyar maƙwabciyar da ba addininsu ɗaya ba, su ne suke karya ta.

Don haka, iyaye, in ɗa ya zo da shakka, kada a la'ance shi, kada a kore shi daga gida. Majalisar nan ta koyar cewa ba a tilasta wa kowa bangaskiya. A saurare shi har ya gama, a amsa abin da aka sani, sauran a kai wa Fada ko katekis. Ubangiji bai kori Toma saboda shakkarsa ba, raunukansa ya nuna masa. Kada kuma a fid da rai. Antony Flew na Ingila ya shafe fiye da shekara 50 yana kare musun Allah, amma a 2004, yana da shekara 81, ya bayyana cewa ya yarda akwai Mahalicci, ko da yake bai zama Kirista ba. Waliyyiya Monika ta yi shekaru tana kuka da addu'a domin ɗanta Agustin, wanda ya juya wa bangaskiyarta baya, har ta ga baftismarsa a Milan a 387.

Kowace shekara, a ranar Juma'ar da muke tunawa da mutuwar Ubangiji a kan gicciye, Ikkilisiya takan durƙusa ta yi addu'a ta musamman domin waɗanda ba su gaskata da Allah ba. Bari mu ɗauki wannan addu'a mu kai ta gidajenmu, mu riƙa ambaton namu da sunayensu. Allah ya buɗe zukatansu, ya kuma tsarkake zamanmu domin su ga haskensa a cikinmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.