Horo Ko Ramuwa?

Karatu: Ibraniyawa 12:5-11

Mutanen Fotugal da na Sifen suna da wata kalma, castigar, wadda su ke faɗa sa'ad da aka hukunta mai laifi. Asalinta daga Latin ne, harshen Romawa: castus, watau mai tsabta, da agere, watau aikatawa. Da fari dai ma'anarta tsabtacewa ce. Wajen shekara ta 1292 Sarki Sancho na Huɗu na ƙasar Kastil ya sa aka rubuta wa ɗansa littafi, aka kira shi Castigos, abin da ke ciki kuwa nasiha ce ta uba ga ɗa. Sannu a hankali nasihar ta janye, bulala ta gaje wurinta. A 1960, da aka gyara Littafi Mai Tsarki na harshen Sifen, sai aka cire kalman nan daga aya ta 6 ta karatunmu, aka sa wata mai asali ɗaya da kalmar almajiri.

Kada mu yi musu dariya, gama tamu kalma, horo, tana kan hanyan nan. Mu kan hori doki domin ya hawu, mu hori soja domin ya iya aiki. Amma in aka ce wa yaro za a yi masa horo, bayansa ya ke tunawa.

A nan Abuja an yi ƙoƙarin komo da kalma baya. A 2019 aka sa hannu a kan doka, gidan yari ya zama gidan gyaran hali, har da na Kuje. Sunan ya yi kyau ƙwarai. Sai dai fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasan nan shari'a su ke jira, ba a tabbatar musu da laifi ba. Ina halin da za a gyara ga wanda alƙali bai ce ya yi kome ba?

Gidajenmu ma ba su kuɓuta ba. Uba ya dawo daga kasuwar Wuse da ɓacin rai, yaro ya fasa tulu, dorina ta sauko. Lalle an yi laifi, an kuma sha zafi. Amma wa aka wanke, yaron ne, ko zuciyar uban ce ta huce? Bari kowane mai ɗa a cikinmu ya tuna ranar da ya ɗaga hannu ta ƙarshe, ya faɗa wa 'yan'uwa abin da yaron ya koya a ran nan.