Takin Gwamnati Yana da Mai Shi

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, zancen takin zamani ne a bakin kowa. Daga Dogon Daji har Kuchi, mai gero da mai dawa da mai shinkafar fadama duk sun zuba ido su ga ko sunansu zai fito cikin rabon da gwamnati ke yi a kan rahusa. A nan ne tambaya ta taso mana: idan wanda ba ya noma ya karɓi buhu ya kai kasuwa, ya yi zunubi, ko kuwa rabonsa ne ya tsaga?

Wannan tallafi ya daɗe. Tun shirin ciyar da ƙasa na shekarar 1976 gwamnati ke sassauta kuɗin taki. Amma da Akinwumi Adesina ya zama ministan gona, ya bayyana cewa cikin manoma 100, kamar 11 kaɗai ne takin ke kaiwa hannunsu. Shi ya sa a 2012 aka fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta waya, ya je ya karɓi buhu 2 a kan rabin kuɗi. Sauran takin na da can ba ƙasa ce ta haɗiye shi ba. Mutane ne irinmu suka karkatar da shi.

Mukan ce kayan gwamnati ba su da mai su. Wannan magana ruɗin kai ce. An rage kuɗin buhun ne saboda wani mutum takamaimai, wato ƙaramin manomi wanda ba zai iya sayensa a kasuwa ba. Duk wanda ya rubuta sunan matarsa da na 'ya'yansa alhali ba su da ko kunya ɗaya, daga rumbun wannan talaka ya ɗiba. Mu tuna misalin da annabi Natan ya ba sarki Dawuda, na mai arzikin da ya bar garkensa ya yanka 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa. Doka ta bakwai ta hana sata, ba ta kuwa ware kayan hukuma ba.

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci. Akwai manomin da ya sayar da buhunsa a tsakiyar damina domin hatsi ya ƙare a gida, ko domin yaro yana kwance asibiti. Wannan haƙƙinsa ya sayar, tilas ce kuma ta sa shi. Abin da ya cancanta a wurinmu shi ne mudun hatsi, don kada ya sayar da amfanin kakarsa tun bai shuka ba.

Mu Kiristoci kaɗan ne a wannan yanki, galibin manoman da ake zalunta kuwa maƙwabtanmu ne Musulmi. Wasu cikinmu malaman gona ne, wasu akawu, wasu direbobi, wasu masu shago. Shaidar bangaskiyarmu tana cikin takardar sunayen da muka rubuta da kuma buhun da muka ƙi saye don mun san hanyar da ya biyo.

Wanda ya riga ya ci, Ikilisiya tana koya mana cewa furta zunubi a gaban Fada yana tafiya tare da mayar da abin da aka ɗauka. Idan ba a san mai shi ba, a nemi gwauruwa ko maraya mai gona a ba shi kwatankwacinsa kafin a yi shuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zuciya mai riƙon amana. Amin.