Kofin Jiya Ko Alƙawarin Gobe: Da Wane Mudu Za Mu Auna Koci?

Mai karatu, in ka na shiga gidan kallon ƙwallo ka san wannan gardamar. Da zarar an naɗa matashi koci sai ka ji an ce, "Wannan yaron me ya taɓa ci?" Tambayar da gaskiyarta, amma akwai zalunci a cikinta. Ta yaya mutum zai nuna kofi alhali ba a taɓa ba shi filin nema ba?

A 2008 Barcelona ta bar Jose Mourinho, wanda ya ci Kofin Zakarun Turai da Porto a 2004, ta ɗauki Pep Guardiola, ɗan shekara 37, wanda shekara ɗaya tak ya yi ya na horar da ƙaramar ƙungiyarta. Wasansa na farko a gasar Sifen, Numancia ta doke shi da ci ɗaya. Da an bi ta masu cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, da an sallame shi. A 2009 kofi shida ya ɗaga.

To amma kar mu ruɗe. Juventus ta gwada haka da Andrea Pirlo a 2020, ƙungiyar da ta ci gasar Italiya sau tara a jere ta ƙare a ta huɗu. Real Madrid kuwa ta dawo da dattijo Carlo Ancelotti a 2021, ya kawo mata Kofin Zakaru a 2022 da 2024. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ashe ke nan matsalar ba ta shekaru ba ce, ta mudun awo ce. In gogagge ya faɗi sai mu ce 'yan wasa ne ba su da kyau. In matashi ya faɗi sai mu ce dama bai iya ba. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Alex Ferguson kansa ya zo Manchester United a 1986, bai ci komai ba sai 1990. An yi masa haƙuri, domin kofunan da ya ci a Aberdeen sun tsaya masa. Wa zai tsaya wa wanda bai da tarihi?

Adalci shi ne a duba abin da aka damƙa wa mutum, da lokacin da aka ba shi, da abin da ya mayar da shi. Kofi shaida ne a kan jiya, ba lamuni ba ne a kan gobe.

Mu ma a nan, furodusan da ke gudun sabon darakta da mai karatun da ba ya sayen littafi sai ya ga sanannen suna, su tuna: kowane gwani wani ne ya fara yarda da shi tun hannunsa babu komai.