Haƙƙin Kyanwa a Kan Maigida

A kasuwannin gundumomin Tasawa da Mayahi kowace dabbar gida tana da kara da dillali da farashi. Ana taya saniya, ana taya akuya da jaki, har kaza da zabo ana juya su a hannu a faɗi kuɗinsu. Kyanwa kuwa, wadda a yankin aka fi kira mussa, ba ta da kara a kasuwa. Ba a yanka ta ranar suna, ba a sa ta cikin kayan aure, ba a fitar mata da zakka, ba a raba ta a gado. Duk da haka da wuya a shiga unguwa a rasa gidan da take kwana a gindin rumbu ko a bayan randa. Wannan ne ya sa lamarinta ya dace da auna halin mutum. Mai kula da saniyarsa yana iya kasancewa dukiyarsa yake tattali, amma mai kula da kyanwa babu ribar kasuwa da za a ce ita yake hange. Tambayar da ke nan ita ce: shin dabbar da ba a saya ba, kuma ba za a sayar ba, tana da wani haƙƙi a kan wanda take zaune gidansa idan ciwo ko haɗari ya same ta?

Yana da kyau a fara da yadda zaman ya samo asali. Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi na Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekaru 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Abin da ya haɗa su tun farko shi ne hatsi. Da mutum ya fara noma yana ajiya, ɓera ya biyo hatsi, kyanwa ta biyo ɓera. Manomin Mayahi da ke ɗaure damman hatsinsa bayan kaka, ya zuba a rumbu yana fatan su kai shi wata damina, bai bukatar a yi masa bayanin wannan ciniki. Ya san ɓarnar kusu, ya kuma san cewa gidan da kyanwa ke zagaye ɓarnar tana raguwa. Ashe ke nan kyanwa ba ƴar cin arziki ba ce. Ma'aikaciya ce da ba a taɓa yanka mata lada ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya wajaba a saurara kafin a ci gaba. Wani zai ce: a ƙasar da uwa ke tafiyar kilomita da dama da yaro a baya kafin ta kai gidan likita, a jahar da ta ga yunwar 2005 da cibiyoyin ciyar da yara suka cika maƙil a Maraɗi, maganar lafiyar kyanwa wasa ne na waɗanda suka ƙoshi, al'ada ce da aka kwaso daga Turai inda ake yi wa dabba gado da asibiti. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma duk wanda ya raina ta bai san zaman karkara ba. Idan jika ɗaya ce ta rage a gida, ga yaro da zazzaɓin cizon sauro ga kyanwa da rauni, babu wani hankali ko addini da zai ce a yi jinkiri: kuɗin na yaro ne. Sai dai ƙorafin ya ginu a kan zaton cewa kula da kyanwa kuɗi ne, kuma duk abin da aka ba ta an ƙwace shi daga bakin yaro. Wannan zaton shi ne ya kamata a bincika.

Malaman addini sun riga kowa shiga zancen. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abin lura a nan shi ne an buɗe wa matar ƙofa biyu, ciyarwa ko saki, ta rufe duka. Laifinta shi ne ta karɓi iko a kan rai ta ƙi ɗaukar nauyin da ke tafe da ikon. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa, akwai hadisin Abu Ƙatada da ya nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi ma da laƙabin ƴar kyanwa aka san shi, wato Abu Huraira.

A Turai an daɗe ana jayayya kafin a iso nan. Descartes, a littafinsa na 1637 da ake koyarwa a ajin ƙarshe na lise, ya ɗauki dabba kamar inji marar tunani. Kant ya ce mutum ba shi da wajibi kai tsaye ga dabba, amma mai zaluntar ta zuciyarsa za ta bushe har ga mutane. Bentham, a 1789, ya mai da ma'aunin ga jin zafi: duk abin da ke iya wahala ya cancanci a lissafa da wahalarsa, ko yana da hankali ko ba shi da shi. Sai a 2015 dokar farar hula ta Faransa ta rubuta cewa dabbobi halittu ne masu ji. Bahaushe yana da kalmar da ta tattara wannan duka, ita ce amana. Wanda ya kira kyanwa da ƙwarya, ya saba mata da gidansa har ta daina zaman daji, ya karɓi amana ko da ba a yi shaidu ba.

To mene ne amanar ta ƙunsa a aikace? Mafi yawanta sani ne, kuma sani ba ya rage tuwon kowa. Kyanwa maciyar nama ce ta asali. Jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna taurin da ke cikin nama da kifi, wanda rashinsa ke kawo makanta da ciwon zuciya, don haka tuwo da fura kaɗai ba su riƙe ta. Farautarta da ɗan guntun kayan ciki ko kifi su ne ke cike giɓin. Albasa da tafarnuwa suna lalata jininta, saboda haka sauran miya ba alheri ba ne gare ta kamar yadda ake zato. Ɗanyar madara tana sa manyan kyanwoyi da yawa zawo. Ruwa mai tsabta a kasko cikin inuwa ya fi mata komai a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kyanwar da aka gani tana haki baki buɗe tana cikin haɗari, sai a kai ta inuwa a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi.

Babban abin baƙin ciki shi ne sau da yawa tausayi ne ke kashe ta. A ɗauki misalin uwar gida da ta ga kyanwarta ta kwanta ba ta ci, ta ɓalli ƙwayar parasitamol da aka saya a tebur ta ɗura mata. Niyyarta kyakkyawa ce, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta: dasashinta ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka maganin ƙwari mai farmetirin, wanda ake sa wa karnuka, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Idan ya taɓa jikinta a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi nan take. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki da maganin ɓera da ake zubawa kusa da rumbu su ma suna kai mata, ko ta lasa ko ta ci ɓeran da ya ci. Wani irin maganin ɓeran yana hana jini daskarewa, alamarsa ba ta fitowa sai bayan kwanaki, kuma likitan bisashe yana da makarinsa, wato bitamin K1. Idan ana zargin guba, kada a ɗura mata mai ko gishiri don ta yi amai. A ɗauki kwalin maganin a tafi da shi wurin likita. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan hasken bai fi jimla biyu da malami zai faɗa a aji ba.

Akwai alamomin da kowane mai kyanwa ya kamata ya riƙe. Ƙin cin abinci fiye da yini guda, amai ko zawo da ya ƙi tsayawa, dasashi da ya yi fari, fatar wuya da aka ɗaga ta ƙi komawa da sauri saboda ƙarancin ruwa a jiki, duk suna nuna ciwo ya yi nisa. Muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku idan ba a buɗe masa hanya ba. Ƙaramin rauni ana wanke shi da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri kaɗan. Kafin a taɓa kyanwar da ke jin zafi a naɗe ta da zane mai kauri, domin kyanwar Lami a karin magana kawai take. Ta gaske, idan ta wahala, tana cizo tana yakushi har ga mai ita.

Daga nan ne ƙorafin da aka kawo a baya yake fara raunana, domin lafiyar kyanwa da ta yaro ba su rabu ba. Ciwon haukan kare, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 suna da babban kaso a ciki. Kare ne ke kawo kusan dukkan kamuwar, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza tana iya ɗauka ta kai wa yaron da ke wasa da ita. Da zarar alamun ciwon sun bayyana ga mutum, kusan babu tsira. Kafin su bayyana kuwa akwai mafita tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa yaro Joseph Meister allura ya rayu. Duk wanda kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya cibiyar lafiya a ranar ba tare da jira ba, a kuma tsare dabbar ana lura da ita kwana 10. Allurar rigakafi da ake yi wa kyanwa tun tana wata 3 katanga ce ga dukan gidan. Makero da tsutsar ciki ma suna ratsawa daga kyanwa zuwa yara, mai juna biyu kuma ya kamata ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa saboda cutar toksofilasma da ke iya taɓa ɗan tayi. Maigidan da ya kula da kyanwarsa, iyalinsa ya kula da su.

Shiri kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tasawa tana da nisan fiye da kilomita 100 daga Maraɗi, ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba kuma hanyarsu tana wuya da damina. Ma'aikatar kiwo tana da ofis a kowace gunduma, akwai kuma likitocin bisashe masu zaman kansu da mataimakansu na karkara, tsarin da ya fara kafuwa a Dakoro cikin shekarun 2000. Gaskiya ne aikinsu ya fi karkata ga shanu da awaki, amma sanin inda mafi kusa yake da riƙe lambarsa a salula ba ya cin ko dala. Sabulu, tsumma mai tsabta, kwando ko kwali mai murfi da ramukan iska, su ne kayan gaggawar. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a jahar Maraɗi, ta tuna wa jama'a cewa ana iya barin gida cikin dare ɗaya. A irin wannan hali a fara da mutane, babu musu; amma kada a tafi a bar dabba a kulle ko a ɗaure, domin wannan shi ne ainihin abin da hadisin ya yi gargaɗi a kai.

Akwai wurin da amsar ba ta da sauƙi. Kyanwa tana ɗaukar ciki kimanin kwana 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma aikin hana ta haihuwa bai samuwa a yawancin garuruwan yankin. Muzuru yana iya komawa cin ƴan tsaki, alhali kaza ita ce asusun mace a karkara. Wanda ya ce ba zai iya riƙe su duka ba bai yi ƙarya ba. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yadda zai rabu da su: ya bar ƴaƴan su sha nono har wajen wata biyu, ya nema musu gidan da ke da rumbu, ya gyara akurkin kajinsa. Ɗaure su cikin buhu a jefar a bayan gari, ko barin yara su bi su da jifa saboda camfin cewa baƙar kyanwa mayya ce, ba talauci ne ke tilasta shi ba.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da rabo a wannan aiki. Ranar 28 ga Satumba, wadda aka keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare, tana zuwa dab da komawa makaranta, kuma darasi ɗaya a kan wanke cizo da haɗarin parasitamol zai bi yara har gida. Yaron da ya koyi naɗe kyanwa mai rauni da zane maimakon ɗaukar dutse ya koyi yadda ake riƙe wanda ba shi da bakin kai ƙara, kuma zai bukaci wannan ilimi ranar da aka ba shi amanar ƙane, ko almajiri, ko tsohuwa marar ƙarfi.