Wasa da Abin Tuntuɓe

Karatu: 1 Korintiyawa 10:23-33, Ayyukan Manzanni 19:23-41

A zamanin kakanninku yaran Chinade sukan yi langa a dandali da farin wata, dattawa kuwa suna dara a gindin itace. Yau saurayi yakan shiga Azare ya biya kuɗi a gidan wasan kwamfuta, ko ya zauna a zaure da waya a hannu har dare ya raba. Iyaye da yawa suna tambaya ko wannan zunubi ne. Manzo Bulus bai san waya ba, amma ya san irin tambayar.

A Korinti, nama mai yawa da ake sayarwa a kasuwa daga hadayun gumaka ya fito. Bulus ya yardar wa masu bi su saya su ci, ba sai sun yi bincike ba. Amma in wani a wurin cin ya nuna cewa naman hadaya ne, sai su janye hannu saboda lamirin wannan mutum. Haka yake ga wasa. Buga ƙwallo a fuskar talabijin ba ya ƙazantar da kowa. Sai dai akwai abin da akan sa a cikin waɗansu wasanni, da abin da masu wasa sukan faɗa wa juna, wanda yake yi wa maƙwabci rauni.

Ga misali. A watan Oktoba na 2008 kamfanin Sony ya dakatar da fitar da wasan LittleBigPlanet, ya kuma janye fayafayan da aka riga aka kai kantuna, domin an ji kalmomin Alƙur'ani cikin wata waƙa da aka sa a wasan. Mai waƙar, Toumani Diabaté na ƙasar Mali, shi kansa Musulmi ne, bai kuwa nufi wulakanci ba. Duk da haka aka cire kalmomin. A 2021 kuma masu wasan Call of Duty: Vanguard suka nemi gafara, gama an ga shafuffukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin wasan. Waɗansu a Turai da Amurka suka yi gunaguni, suna cewa tsoro ne ya ci 'yancin magana. Mai yiwuwa 'yan kasuwan nan ribarsu suke tsaro. Amma abin da suka yi domin kuɗi, ashe bai kamata mu yi shi domin ƙauna ba?

Ku duba aya 32 da kyau. Mu masu aikin fassara mun daɗe a kan kalmar Helenanci da take nan, wato aproskopos. Ma'anarta mutumin da ba ya zama dutse a kan hanya har wani ya yi tuntuɓe da shi. Bulus ya ambaci jama'a uku waɗanda ba za a sa su tuntuɓe ba: Yahudawa, da Helenawa, da ikilisiyar Allah. Biyu daga cikin ukun ba masu bi ba ne. A ƙasar Katagum, inda ikilisiya kaɗan ce a tsakiyar Musulmi, ba wuya ku san wa ake nufi: mai shagon da kuke sayen gishiri wurinsa ne, da wanda gonarsa take iyaka da taku.

Wani saurayi zai ce, ai wasa nake yi. To, kun san wasan da yake tsakanin Fulani da Barebari. Yana da daɗi domin dukansu biyu sun yarda da shi, kowa kuma ya san iyakarsa. Ba'ar da mutum ɗaya yake dariya, ɗayan kuwa zuciyarsa tana ƙuna, ba ta cancanci sunan wasa ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka tura ta waya, wadda kafin azahar ta kai Kano.

Sa'ad da maƙeran azurfa suka ta da hargitsi a Afisa, magatakardan gari ya kwantar da taron da shaida guda: abokan Bulus ba su washe haikali ba, ba su kuma zagi Artimis ba. Fiye da shekara biyu Bulus yana wa'azi a birnin, har cinikin gumaka ya soma faɗuwa, amma ba a kama shi da zagi ba. Bai ɓoye gaskiya ba, bai kuwa yi ba'a ba.

Kada wani ya juya wannan koyarwa ta zama hujjar masu zub da jini. A ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato saboda saƙon murya da ta tura a WhatsApp. Cikin watan nan tarzoma ta tashi a Warji, a jiharmu ta Bauci, aka tsare wata ma'aikaciyar lafiya saboda bidiyon da ta tura a kan wannan kisa. Sai a Disamba 2023 aka ba da belinta, a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Kisan nan mugunta ne a gaban Allah, ba kuwa maganar da ta isa ta halatta shi. Mu ma in aka yi wa sunan Yesu ba'a cikin wasa ko fim, ba a ba mu dutse ba. An ba mu mu faɗi ɓacin ranmu a fili da ladabi, mu bar ramako ga Ubangiji, kamar yadda Romawa 12 ta koyar.

Domin tattaunawa: Wane ne cikin maƙwabtanku zai iya tsayawa ya yi muku irin shaidar magatakardan Afisa? Samari su kawo sunayen wasannin da suke yi, su gaya wa dattawa abin da yake ciki. Dattawa kuma su saurara har ƙarshe kafin su yanke magana.